Goge huɗu na Bartok da gogen Yelu

A shekarar 1913 wani makaɗi ɗan ƙasar Hangari, Bela Bartok, ya sauka Biskara, arewa maso gabashin Aljeriya, ɗauke da na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, wadda ke zana sauti bisa kakin zuma. Ya bi ƙauyuka yana ɗaukar kiɗan talakawa, har rashin lafiya ya tilasta masa komawa gida. Daga 1915 zuwa 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ya tsara kiɗansa na biyu na goge huɗu, wato ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kaurin murya. An fara kaɗa shi a Budapest ran 3 ga Maris 1918.

Kiɗan kashi uku ne, amma na tsakiya shi ne abin saurare. Goge guda yana nanata sauti ɗaya kamar ana bugun ƙwarya, wani kuma yana kewaya ƴan muryoyi kaɗan, ya tafi ya komo, ba ya nisa. Masana sun daɗe da gane sawun Biskara a wurin. Mutumin Yelu da ya taɓa kwana a dandalin masu goge ba ya bukatar masani ya nuna masa.

Ga inda zancen ya shafi ƙasar Gaya. Gogen nan na ƙoƙo da fatar damo da izgar doki, tsirkiyarsa ɗaya tak, amma a hannun gwani kowane iska na bori da takensa, kowane manomi da kirarinsa. Ba a rubuce suke ba. Wa'azi ya kore su daga dandali, masu biki sun koma hayar lasifika, ɗan mai goge kuwa ya gwammace kabu-kabu tsakanin Gaya da Kamba, kuma ba a ga laifinsa ba, tunda goge ya bar cika rumbu. To, in tsohon ya kwanta dama, wa zai tuna taken?

An taɓa ceto irin wannan a Nijar. A 2002 marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya tafi bakin tabkin Cadi ya koyi biram wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe. Da ya yi jinkiri kaɗan, da an rufe biram tare da mai shi. Cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya ma tana Yamai tun 1989, sai dai Yamai ta yi wa Yelu nisa.

Kakin Bartok minti biyu ko uku yake ɗauka, ga saurin fashewa. Salular da ke aljihun kowane ɗan kasuwa da malamin makaranta tana ɗaukar dare guda cur. Abin da ya rage shi ne a sallami makaɗin da haƙƙinsa, a rubuta sunansa da garinsa da sunan kowane take, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari.