Wa Zai Gyara Famfon Idan Ya Lalace?

 A wannan fitowar ina so mu yi tunani a kan ruwan sha, domin yawancin ikilisiyoyinmu a ƙauyuka suke, kuma matanmu da 'ya'yanmu ne ke ɗaukar jarka zuwa rafi kafin gari ya waye.

A shekara ta 2000 ƙasashen duniya suka amince da Muradun Ƙarni. Ɗaya daga ciki shi ne, kafin ƙarshen 2015 a rage rabin kason mutanen da ba su da ruwan sha mai kyau, idan an kwatanta da 1990. Abin da ake ƙidayawa shi ne ingantacciyar hanyar samun ruwa: famfo, rijiyar burtsatse, rijiya mai murfi, maɓuɓɓugar da aka killace, da ruwan sama da aka tara. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka sanar cewa an cika wannan buri tun 2010. A 1990 kashi 76 cikin ɗari na mutanen duniya ke da irin wannan ruwa. A 2015 sun kai kashi 91.

Amma yankuna ba su yi tafiya ɗaya ba. Gabashin Asiya ya tashi daga kashi 68 zuwa 96, Kudancin Asiya daga 73 zuwa 93. Namu yankin, wato Afirka kudu da Sahara, ya tashi daga 48 zuwa 68, bai kai inda aka nufa ba. Ba wai an zauna ba ne. Mutum miliyan 427 suka sami ingantaccen ruwa a yankin cikin waɗannan shekaru 25, sai dai jama'a ta kusan ninkawa a daidai wannan lokaci. Cikin mutum miliyan 663 da suka rage a duniya a 2015, kusan rabi a yankinmu suke, kuma takwas cikin goma mutanen karkara ne.

Mun ga abin da ruwa mai kyau ke yi da idanunmu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ciwon kurkunu fiye da dubu 650 a Nijeriya. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da wayar da kai irin wanda Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ƙauye-ƙauye, an ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 aka tabbatar cutar ta bar ƙasar. Duk da haka a 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da dubu uku a Nijeriya, yawancinsu a Arewa.

Ga inda nake so mu lura. Wancan lissafi rijiya yake ƙidayawa, ba ya tambaya ko ruwa na fitowa yau. Shi ya sa tun 2015 aka ƙara tsananta ma'aunin: sai ruwan yana cikin gida, yana samuwa duk lokacin da ake bukata, kuma ba shi da ƙwayar cuta. Da aka auna haka a 2022, mutum biliyan 2.2 ne a duniya ba su da shi, a yankinmu kuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ke da shi.

Kowannenmu ya san famfon tuƙa-tuƙa da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu ya zama turken ɗaure awaki, saboda roba ko sarƙar da kuɗinta bai kai na akuya ɗaya ba. Wanda ya haƙa ya tafi, gari kuma yana jiran ya dawo.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma gwamnatin tarayya da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a Nuwamba 2018. Mu ci gaba da rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da hukumar ruwan karkara ta jiha, mu kuma tambayi masu neman ƙuri'armu. Amma yaron da ke gudawa yau ba zai iya jiran amsar takarda ba.

Saboda haka ina roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya da ke da rijiya kusa da ita ta zauna da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, a kafa kwamitin ruwa ɗaya na gari duka. A sa mata a ciki, su riƙe asusu, domin su ne suka fara sanin ranar da famfo ya soma tari. Kowane gida ya ba da ɗan abin da aka yarda duk wata, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a. A tura matasa biyu su koyi gyara. A nisanta masai da turken dabbobi daga bakin rijiya, a rufe randa a gida.

Kafin mu nemi sabuwar rijiya a bana, mu fara ƙirga kwanakin da tsohuwar ta ba da ruwa bara. Allah ya taimake mu.