Ku bar zagin mai fenti

Yau da masu tsofaffin Peugeot 504 muke, waɗanda har yanzu ke bin kwalta daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa. Motar nan tun 1968 ta fito, an yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, kuma ta yi wa kasuwanninmu bauta. Mutum zai tara kuɗi ya kai ta Maraɗi a yi mata sabon fenti, bayan sati biyu sai mu ji shi a tasha yana cewa mai fenti ya cuce shi.

To wa ya cuci wa? Fenti kan bushe a ido, amma cikinsa bai nuna ba, sai ya yi wata guda ko fiye. Kai kuwa washegari ka miƙa wa yaron mota busasshen tsumma ya goge ƙurar hunturu. Ƙurar nan yashi ce fa, malam, gurza take. Rana tsaka a kawo omo, kumfa ta bushe a jikin mota. Da dare a lulluɓe ta da tampol, iska na kaɗa shi yana cin fentin.

A fara kwarara ruwa tukuna, da safe ko da marece, cikin inuwa. Kashin tsuntsu in an kwana ƙarƙashin bedi, a wanke nan take. Man ƙyalli ya jira wata biyu. Ranar kasuwa kuma, kafin a ɗora buhunan gero bisa, don Allah a shimfiɗa ko tsohon bargo ne.