WA KE BIYAN KUƊIN MOTA?

Jama'ar Rano da Kibiya, musamman ku 'yan kasuwa masu auna hatsi da masu tebur, ku matso mu yi lissafi. Kullum kuka iri ɗaya ake ji: buhun masara ya faɗi a hannun manomi, buhun taki da kwanon rufi sun hau. In ka tambayi dillali ya ce kuɗin mota ne. In ka tambayi mai mota ya ce gas ne. To, wai shin wane ne ya mayar da mu bayin babbar mota?

Iyayenmu ba haka suka tarar ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta zama kuɗi. Da jaki da raƙumi, daga baya da mota, ake kai ta bakin layin dogo, sauran tafiyar mil 700 zuwa bakin teku aikin jirgi ne. Kada wani ya ce ina yabon zamanin Turawa. Hukumar gyaɗa da aka kafa a 1949 ita ke yanka farashi, kuma iyakar nisanka da tashar jirgi iyakar abin da za a zaftare maka, don haka mutumin Kibiya tun can shi ke cin ƙasa. Dalar gyaɗar nan ma da ake bugun ƙirji da hotonta, ai kaya ne da suka taru a Kano don jirgi ya kasa kwashe su da wuri. Amma duk da haka a 1964 reluwe ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan aka sa mata ido ta ruɓe, gwamnati bayan gwamnati, ta soja da ta farar hula, kaya suka koma kan kwalta.

Ga abin da ba a faɗa muku. Mai tirela ba don buhunku ya sayi motarsa ba. Idonsa na kan Apapa da Tin Can, da tashar Lekki da aka buɗe a 2023, inda jiragen ruwa ke sauke kwantena. Ran da kaya suka yi yawa a bakin teku, motoci su tattara can, mai albasa da mai tumatir na Kadawa da Bunkure su yi ta roƙo kayansu na lalacewa a rana. Shekara da shekaru motoci na kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, a layin shiga Apapa, har aka fito da tsarin kira na Eto a 2021. Kowane kwana da direba ya yi a layin nan yana cin abinci, yaron mota yana ci, mai mota yana lissafi. Wa zai biya? Ba Bature mai jirgin ruwa ba, ba babban ɗan kasuwa ba. Ana ɗora shi a kan buhu, buhun ya bi ta Kwari da Singa, ya sauka a kan tebur ɗin mai sayar da sukari a Rurum.

Sai gas. Tirela ba fetur take sha ba, saboda haka tallafin da aka janye ran 29 ga Mayu 2023 dama bai taɓa zama nata ba. Tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 zuwa wajen 800 cikin shekara guda. Da aka janye tallafin kuma sai ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga Tarai da Saya-Saya suka bi sahu. Aka haɗa wa manomi zafi biyu.

Ban ce masu mota waliyyai ne ba, akwai 'yan kamasho da ke cin nasu a tsakani. Amma ku tambayi kowane direba shinge nawa yake ƙetarewa tsakanin Kano da Ikko, rasiɗi nawa yake yanka, na ƙaramar hukuma da na jiha da na waɗanda ba su da ko ofis sai sanda da ganga. Harajin nan ba majalisar da ta zauna ta ce talaka ya biya, amma yana biya, kuma sau biyu: ran da ya sayar an rage masa, ran da ya saya an ƙara masa.

Masu mulki za su ce ai ana aiki. Mun ji. Tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki tun 2006 aka ba da ita, sai Janairun 2023 aka yanka ƙyalle. Shekara 17! Yaron da aka haifa ran da aka sa hannu ya isa ɗaukar buhu kafin a buɗe ƙofa. Kuma tashar tudu in ba jirgin da ke zuwa mata a kai a kai, ai sito ce kawai mai katanga. Sabon layin dogo na Ikko zuwa Ibadan an buɗe shi a 2021, a shekarar ne kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Madalla. Amma harsashi ba ya ɗaukar buhu.

Wasu kuma sai su ce ku yi haƙuri, ba ku da ƙarfi. Ƙarya ne. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, fataken abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu. Kwana kaɗan tumatir ya yi tsada a Ikko, gwamnoni suka nemi sulhu. A nan gida kuwa kaya suka yi kwantai, manomi ya yi asara. Wannan ya nuna ana bukatar kayanmu, ya kuma nuna rufe hanya mu yake fara ci.

Abin yi ya fi kusa da haka. Ƙananan 'yan kasuwa ku daina cinikin mota ɗai-ɗai, ku haɗa lodi, mutum goma mota guda, bakinku ɗaya wajen yanka kuɗi. Kowane rasiɗin hanya ku adana shi, shugabannin kasuwa su tara su kai gaban majalisar ƙaramar hukuma a tambayi wace doka ta halatta shi. Duk wanda kuma ya zo Rano ko Kibiya neman ƙuri'a, kada ku bari ya sallame ku da atamfa da sabulu. Ku tambaye shi ranar da jirgin kaya zai riƙa tashi daga Apapa zuwa Zawaciki kowane mako, da nawa za a biya a kan tan guda, ya faɗa a gaban jama'a, akawu ya rubuta.