Wai Fid da Rai 'Yanci Ne?

Jama'a 'yan makaranta, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninku, tana kuwa da daɗin ji, shi ya sa muka ga ya kamata mu tare ta tun ba ta yi saiwa ba. Masu maganar cewa su ke yi, wai wanda ya fid da rai shi ne ɗa, mai sa rai kuwa bawa ne. Wai kada ka sa rai ga cin jarrabawa, sai ka yi barci har da minshari; kada ka sa rai ga samun aiki, sai ka huta da zarya. Su kan kafa hujja da karin maganar nan ta mutanen da, cewa sa zuciya ga ci shi ke kawo jin yunwa. To, mu dai mun ƙi wannan magana, za mu kuwa faɗi dalili.

Waɗanda suka ɗan yi karatu daga cikinsu su kan jingina ga wani masani na zamanin Rumawa, wai shi Efiktitus, wanda aka haifa wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Annabi Isa. Bawa ne a birnin Rum, gurgu kuma, daga baya aka 'yanta shi. Abin da ya koyar shi ne, al'amuran duniya kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke hannun mutum, kamar niyyarsa da ƙoƙarinsa da yadda ya ke auna abu, akwai kuma waɗanda ba su hannunsa, kamar dukiya da sarauta da yabon mutane. Wanda ya rataya zuciyarsa ga kashi na biyu, duk mai iya ba shi ko hana shi ya zama ubangijinsa. Wannan gaskiya ce, ba mu musu. Amma a dubi abin da shi mai maganar ya aikata. Tun yana bawa ya ke zuwa ɗaukar karatu. Da Sarkin Rum ya kori masana daga birnin, sai ya ƙetare zuwa ƙasar Girka, ya buɗe makaranta a garin Nikofolis, ya yi ta koyarwa har ya tsufa. Ashe mutumin da ya yanke ƙauna ya kan buɗe makaranta? Malami ba ya koya wa yaro sai yana tsammanin yaron zai zama wani abu.

Ku lura, sa rai iri biyu ne, masu waccan magana sun zuba su a tukunya ɗaya. Akwai tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Irin wannan igiya ce a wuya, wanda ya tsinke ta lalle ya sami 'yanci. Akwai kuma sa ran manomi, wanda ya ke binne hatsinsa mai kyau a ƙasa tun bai ga girbi ba. Wanda ya tsinke wannan, ƙafarsa ya sare. Ga labari na gaskiya da zai rarrabe muku su.

A shekarar 1914 wani matuƙin jirgin ruwa, Shakilton, ya tashi cikin jirgi mai suna Endurance, da nufin shi da mutanensa su zama na fari da za su ratsa nahiyar Antaktika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Nahiyar nan tana can ƙarshen kudancin duniya, ƙanƙara ce tsantsa. Su 28 ne cikin jirgin. Cikin watan Janairu na 1915, tun ba su taka ƙasa ba, teku ya daskare ya riƙe jirgin gam. Wata da watanni suna ciki suna jiran ƙanƙara ta sake su, ita kuwa sai ƙara matsawa ta ke yi, har katakan jirgin suka fara karyewa. Ran 27 ga Oktoba suka fita suka bar shi, ran 21 ga Nuwamba ya nutse.

A nan ne Shakilton ya fid da rai, fitarwa kuwa ta sosai. Burin da ya yi shekaru yana tara wa kuɗi, ya ajiye shi bai waiwaya ba. Ya umurci kowa kada ya ɗauki kayan kansa fiye da nauyin laba 2, shi da kansa ya fara zubar da kuɗinsa na zinariya a kan ƙanƙara. Da ya ci gaba da kukan jirgi da burin suna, da ya halaka su duka. Sakin wannan buri shi ya kwance masa hannu. Har nan mu da abokan gardamarmu bakinmu ɗaya.

Amma ku ji abin da bai saki ba. Ya ƙudura cewa mutanen nan za su koma gida da ransu. Ya bar wani ya ɗauki molonsa irin na Turawa, ko da ya ke ya fi nauyin da aka yanka, don ya san kiɗa zai riƙe zukatan mutane. Suka zauna a kan ƙanƙara mai yawo har watan Afrilu na 1916, sa'an nan suka shiga ƙananan kwale-kwale 3, suka isa wani tsibiri da ba kowa, ana ce da shi Tsibirin Giwa. Daga nan Shakilton ya ɗauki mutum 5, suka shiga kwale-kwale ɗaya, suka ratsa wajen mil 800 na teku mai hauka, daga 24 ga Afrilu zuwa 10 ga Mayu, har tsibirin Jojiya ta Kudu. Sa'an nan su 3 suka haura duwatsu masu ƙanƙara, tafiyar awa 36, kafin su isa inda mutane su ke. Sau 3 yana komawa ɗauko sauran 22, ƙanƙara tana tare hanya. A na 4, ran 30 ga Agusta 1916, ya same su duka da rai, sun yi wata 4 da 'yan kwanaki suna kwana a ƙarƙashin kifaffun kwale-kwale. Shi jirgin kuwa sai a shekarar 2022 aka gano shi a ƙarƙashin teku, zurfin fiye da mita 3,000.

Wani zai ce ai sa'a suka yi, sau nawa masu sa rai suka halaka? Haka ne, sa rai ba laya ba ce. Amma da sun kwanta a tsibirin nan sun ce sun huta da tsammani, wace sa'a ce za ta zo ta ɗauke su, alhali ba wanda ya san inda su ke? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Natsuwar da mai yanke ƙauna ya ke ji irin ta wanda sanyi ya ci ƙarfinsa ce, barci mai daɗi ya kan ɗauke shi, daga nan kuwa ba tashi. Kuma ku tambayi kanku, wa ke cin ribar fid da ranku? Azzalumi ba shi da abin da ya fi so kamar talakan da ya ce ba abin da zai sāke. Wanda ya daina tsammanin gyara ya daina nemansa, ya kuwa miƙa wuya ke nan ba a ko roƙe shi ba. Ina 'yanci a nan?

Saboda haka, in ɗayanku ya faɗi jarrabawa, ko ya rasa aikin da ya ɗora wa ido, ya zauna ya rarrabe. In ƙofar nan ta rufu da gaske, ya bar ta, kada ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin ƙofar da ba za ta buɗe ba. Ya cire rai daga yabon mutane da alkawarin manya. Amma hannunsa da hankalinsa da gobensa, kada ya bari kowa ya ruɗe shi ya cire rai daga gare su, ko da an sa wa ragwanci sunan hikima. In da rai da rabo. Allah Ya ba mu basirar gane abin da za mu saki da abin da za mu riƙe, amin.