Hasashen damana: wa zai biya irin da ya ƙone?

Tun daga 1998, kowace shekara kafin faɗuwar ruwa masanan yanayi na Afirka ta Yamma kan taru su fitar da hasashen damana. Rediyo ya taƙaita shi da cewa bana ruwa zai wadata. Manomin Dakwaro ko na Tanut ya ji, ya buɗe rumbu, ya shibka da ruwan farko. Sai sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, irin da aka hana iyali ci tun rani ya tafi a banza. Nan take a ce ƴan meteyo maƙaryata ne.

Wanda ya karanta takardar tasu ya san ba alkawari suka yi ba. Yiwuwa suke aunawa: ko ruwa ya zarce yadda aka saba, ko ya daidaita, ko ya gaza, kuma a kan yankin da ya fi jaha guda faɗi. Har lokacin faɗuwar damana da tsawon fari sukan ambata, amma a kan taswira, inda gonar mutum ba ta kai ɗigon alƙalami ba. Alhali ruwan Sahel na hadari ne, mai zuba nan ya tsallake can. Daga 1990 zuwa 1993 masu bincike sun kafa ma'aunin ruwa wajen 100 a kewayen Yamai, suka tarar garuruwan da ƴan kilomita suka raba na iya samun damana iri biyu a shekara ɗaya. Ko ranar kamawar damana, a ƙa'idar masana, sai an yi kwana 30 ba tare da dogon fari ba take tabbata, wato bayan manomi ya riga ya zuba irinsa.

Duk wannan bayani yakan zube a hanya, tsakanin faransancin ofis da hausar rediyo. Abin kunya ne ga ƙasar da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD ke zaune a babban birninta.

Su ma magabata ba su fita ba, don ranar da hasashen ya yi daidai ba a ga shirin da ya kai girman gargaɗin ba. An yi kashedin ruwa mai yawa a 2024 tun kafin damana. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Birni na Damagaram kuma ya rushe a watan Satumba.

Ya kamata kowace karamar hukuma ta samu ma'aunin ruwa da mai karanta shi, da ajiyar iri don sake shibka. Rediyon karkara su riƙa ba da hasashen kwana goma cikin harsunan ƙasa, haɗe da kalmar “wataƙila” da ake yawan yankewa. Ma'aikatar meteyo kuma, bayan kaka, ta buga inda ta dace da inda ta kuskure, jaha bayan jaha, majalisun gundumomi su tattauna a kai kafin bazara ta gaba.