Kintacen Gasar Ƙwallon Amurka Ya Rataya A Wuyan Mutum Guda

Kowace shekara, kafin a buɗe gasar ƙwallon Amurka ta NFL cikin watan Satumba, masana kan yi kintacen wadda za ta ci kofi daga cikin ƙungiyoyi 32. Tun da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta buɗe ƙofar caca kan wasanni a 2018, jama'a da dama ke zuba kuɗinsu bisa wannan kintace.

Amma fa lissafin duka ya rataya ne a wuyan mutum guda, watau mai jefa ƙwallo, wanda shi ne jagoran 'yan wasa. A 2023 an yi ta kuranta New York Jets don ta ɗauko Aaron Rodgers. Ana fara wasan farko agararsa ta tsinke, ƙungiyar ta ƙare da cin wasa 7, aka cinye ta 10.

A 1999 kuwa akasin haka aka gani. St. Louis Rams, wadda ta ci wasa 4 kacal a 1998, ta rasa mai jefa ƙwallonta Trent Green tun a wasannin gwaji, masana suka fid da rai da ita. Sai Kurt Warner, wanda ya taɓa aikin jera kaya a kanti, ya maye gurbinsa, ya ciyo mata kofi cikin Janairun 2000, da ci 23 da 16 a kan Tennessee Titans.