A Karanta Kafin a Yanke Hukunci: Tsokaci a Kan Ra'in Matantaka

Kowace shekara, da zarar lokacin rubuta kundin digiri ya yi, sai mu ga ɗalibai sun rabu gida biyu a kan ra'in Matantaka. Wasu su kwafo sakin layi guda daga kundin wani, wai ra'in na neman daidaita mace da namiji ne kawai, sa'an nan su ɗora shi a kan duk littafin da mace ta rubuta. Wasu kuma su yi masa tofin Allah tsine, su ce kayan Turawa ne. A ganinmu, duk jirgi ɗaya ya kwaso su: babu wanda ya karanta.

Hasali ma Matantaka ba magana ɗaya ba ce. Gardama ce mai zafi tsakanin matan su kansu, kuma daga gardamar ya kamata mai neman sani ya fara.

Mu ɗauki 'yan gurguzu. A 1884 Friedrich Engels ya wallafa littafinsa a kan asalin iyali, inda ya danganta danniyar mata da mallakar dukiya da sha'anin gado. A kan wannan turba ce Clara Zetkin ta Jamus ta ƙi haɗa kai da matan masu hannu da shuni, domin a wajenta matar mai masana'anta da matar da ke yi masa ƙwadago ba damuwarsu ɗaya ba. Ita ce kan gaba a taron Kofanhegan na 1910 da ya amince da ware ranar mata ta duniya, ranar da a yau ake raba atamfa da lemo ba tare da an san tushenta ba. Yajin aikin mata masaƙa a Petrograd, ranar 8 ga Maris 1917, shi ya buɗe juyin juya-halin Rasha. An kafa sashen mata a jam'iyya a 1919, Alexandra Kollontai ta shugabance shi na wani lokaci, amma a 1930 gwamnatin Stalin ta rufe shi, wai matsalar mata ta ƙare.

To, tun kafin haka masu ra'ayin ƙin hukuma sun yi gargaɗi. Emma Goldman, wadda ta yi aikin ɗinki a masana'anta a Amurka, ta rubuta a 1910 cewa ƙuri'a ba za ta 'yanta mace ba, tun da ba ta 'yanta namijin da ke jefa ta ba. Da aka kore ta zuwa Rasha a 1919, ta ga gwamnatin ma'aikatan da idonta, ta fice a 1921. Su ma mazan wannan ra'ayi ba su tsira ba. A Sifaniya, ƙungiyar Mujeres Libres, wato 'Yantattun Mata, wadda aka kafa a 1936, ta tara mata fiye da 20,000, tana koya musu karatu da sana'a, amma a 1938 'yan'uwansu maza suka ƙi amincewa da ita a matsayin reshe mai cin gashin kansa.

Ba mu ce a bi Goldman ba. Ba ta yarda da addini ba, ba ta yarda da aure ba, kuma mafi yawanmu ba za mu aminta da ita a nan ba. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wanda zai rushe hujja, tilas ya fara jin ta. Masu cewa abin baƙo ne kuwa, su tuna cewa ƙungiyar WIN ta samo asali ne daga taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1982, kuma ta haɗa batun jinsi da na aji tun daga farko.

Alal misali, a gwada wannan a kan Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda miji ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sayar da abinci, daga baya aka matsa mata ta koma. Ɗalibin da ya karanta Zetkin zai tambaya: wa ya biya Rabi ladan shekarun da ta yi tana girki da raino, kuma me ya sa ta fita hannu rabbana? Wanda ya karanta Goldman zai tambaya: bayan ta tsaya da ƙafarta, wa ya ba dangi ikon mayar da ita? Mun daɗe muna duba kundayen da ake ajiyewa a ɗakunan karatunmu, ba kasafai muke cin karo da ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.